Kaza ta Huɗu a Jakata

Ku da kuka cika mini waya da tambayar abin da ya faru ranar Laraba, ga shi zan faɗa, amma don Allah kada wata ta sake rubuto mini cewa Rogelio mutumin kirki ne. Na sani. Duk garin Weslaco ya sani, har karnukan unguwarmu ba sa yi masa haushi. Da mugu ne ai da tuni na huta.

Ga sababbin zuwa, sunana Yadira Cantú, shekarata ashirin da biyu, ina ajin ƙarshe a wata ƙaramar jami'a a nan kudancin Texas, kuma golf ne ya ɗauki nauyin karatuna. Shekara huɗu ke nan ina tashi ƙarfe biyar in ɗaga ƙarafa, in shiga aji da jiƙaƙƙen gashi, in wuni a rana ina dukan ƙwallo har hannuna na hagu mai safa ya zama fari, na dama ya yi baƙi. Na sha yin aikin gida a kujerar baya ta motar ƙungiya, takalmin wata yana kan littafina. Ban taɓa cin wata gasa ba, amma ina son wasan nan fiye da yadda nake iya faɗa a gaban Mama.

Shi kuwa Rogelio Villarreal shagunan taya uku gare shi, da gashin baki da yake tajewa, da haƙurin da ke ba ni haushi. Shekara biyu da suka wuce ya tare ni a ƙofar majami'a ya faɗi abin da ke ransa. Don in samu hanyar wucewa na ce masa, "Ranar da na buga wasana na ƙarshe a jami'a zan ba ka amsa." A lokacin gani nake ranar ba za ta taɓa zuwa ba. Ashe Mama tana bayana, ta ji, ta je gida ta rubuta a kalandar mahauci da ke rataye a kicin.

Tun daga ranar Mama take kunna kyandir duk lokacin da nake da gasa. Na taɓa tambayarta ko faɗuwa take roƙa mini.

"Ni? In yi wa 'yar cikina mugun fata?" ta ce, tana murza ƙullin masara. "Ina dai roƙa wa 'ya'yan mutane sa'a, su ma ai iyaye gare su."

Laraba ita ce rana ta uku, ta ƙarshe, a gasar jami'o'in shiyyarmu. Ƙungiyarmu ta riga ta yi nisa a baya, ba ta da rabo. Kujera ɗaya ta rage wa mutum ɗaya da zai wuce gasar gaba shi kaɗai, kuma mu biyu muke kai ɗaya a kanta: ni da wata doguwar yarinya 'yar Sweden mai suna Linnea, daga wata jami'ar. In na wuce, ina da sauran wasa. In na faɗi, golf ya ƙare mini a ranar, kuma kafin rana ta faɗi sai na ba da amsa.

Ban san dangi za su zo ba sai da na sauko daga mota na hango su. Mutum talatin, ba ƙari. Mama ta sa doguwar rigarta ta Ista, ruwan hoda mai leshi a wuya, da takalmi mai tsini da yake nutsewa cikin ciyawa duk takun da ta yi. Goggo Chayo, yayar marigayi Babana, ta riƙo lema da kujerar naɗewa da kular tamale, wato ƙullin masara da muke turarawa cikin ɓawonta kamar alala. Rogelio yana tsakiyarsu cikin farar riga mai guga, da farar hula mai faɗi, da bel ɗin da kansa ya kusa kai faranti. Ni kuwa ina cikin koriyar rigar makaranta da farin siket.

"Kawo jakar in riƙe miki, ki shiga bayi ki wanke fuska," in ji Mama. "Kin yi wani fari fat."

Na miƙa mata. Ku rubuta wannan a cikin kurakuraina.

Dole in yi muku bayanin kajin. Sandunan golf masu manyan kai ana sa musu hula don kada su gogu da juna. Sauran 'yan mata suna da na kanti masu tambarin makaranta. Ni Mama ce ta saƙa mini nawa da ulu, kuma da yake kaza kaɗai ta iya, kaji uku nake yawo da su: baƙa, da ja, da wata mai ruwan ƙasa da ke rufe tsohuwar sandar da nake tura ƙwallo cikin rami da ita. Sandar Baba ce, ya tsince ta a tafkin filin da ya yi shekara ashirin yana yanke wa ciyawa. Duk shiyyar an san ni da mai kaji.

Dokar wasa kuwa ta ce sanda goma sha huɗu za ka ɗauka, ba ƙari ko ɗaya. Kowa yana ƙirga nasa kafin bugun farko. Ni ma na ƙirga a ɗakin otal da safe. A bakin fili kuwa ban sake ba, don a lokacin Goggo Chayo tana ƙoƙarin cusa mini tamale a aljihu.

Rami na farko na yi shi lafiya, na biyu ma haka. Muna tsaye a farkon na uku, Linnea tana duba ɗan littafinta, na kai hannu zan ciro sanda sai na ga farar kaza tana kallona da idon maɓalli. Ba ni da farar kaza. Na ɗan ɗaga ta a hankali. A ƙarƙashinta sabuwar sandar turawa ce mai ruwan zinariya, tana ƙyalli har sai da na runtse ido, an sassaƙa rubutu a kanta da haruffa masu lanƙwasa: YADIRA, KI AURE NI.

Sha biyar. Hukuncinta ƙarin bugu biyu a kowane rami, har zuwa huɗu, a wasan da mai ƙarancin bugu shi ne gwani.

Zan faɗa muku gaskiya tunda ba ganina kuke yi ba. Na mayar da kazar na rufe. Babu wanda ya gani. A golf ba alƙalin da ke bin ka a baya, kai kake kai ƙarar kanka, kuma na tsaya a wurin ina lissafin yadda zan zurara sandar nan cikin tafkin rami na biyar. Na so a ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni. Da shi, amma kuma da Mama, wadda na hango a bakin hanya tana tsalle da takalmi ɗaya a hannu, tana nuna jakata tana nuna Rogelio, bakinta har kunne.

"Linnea," na ce, "sanda sha biyar gare ni."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi kajin, ta ƙirga su da yatsa. "Jiya uku ne," ta ce. "Haihuwa suka yi?"

Aka kira alƙalin wasa ta rediyo. Wani dattijo ne, Mista Hatcher, ya iso a ɗan kekensa na lantarki yana taunar tsinke. Ya sa tabarau ya karanta rubutun da ƙarfi, kamar dole ne sai kowa ya ji.

"To, 'yata, ina taya ki murna, kuma bugu huɗu," ya ce. "Yanzu sai ki bayyana a gaban abokiyar wasanki cewa kin fitar da sandar nan daga wasa. Ki kife ta a jaka, kai ƙasa."

"Ba zan iya miƙa wa mai ita ba?"

"Ba ruwan doka da wannan. Ki dai kife ta tukuna mu gani."

Haka na ɗaga zinariyar nan sama a gaban dangina talatin, na ce da murya, "Na fitar da wannan daga wasa," na juya ta na soka kanta ƙasa. Goggo Chayo ta saki salati irin namu ta yi alamar gicciye. Rogelio ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Mama ta taho da ɗingishi har bakin keken dattijon.

"Malam, me ake nufi da kifewar nan?"

"Ana nufin tana iya ɗauke da ita har ƙarshe, Uwargida, amma ba za ta amfana da ita da komai ba."

"To ai haka auren yake," in ji Mama. "Ba ƙi ta yi ba ke nan." Ta juya ta ɗaga wa dangi hannu, suka yi tafi.

Mai horar da mu, Koci Pruitt, wata siririyar mata da ba ta taɓa kiran kowa da sunan yanka ba, ta iso tana huci. Ta dubi sandar, ta dubi dangina, ta dube ni.

"Cantú, shekara ashirin da shida ina aikin nan. Na ga wadda maciji ya shige wa jaka, na ga wadda ta zo da takalmin hagu guda biyu. Yau ce ranar farko da aka ci ni da neman aure." Ta miƙo mini gorar ruwa. "Saura rami sha shida. Ki yi kukanki a mota."

Ban yi kuka ba, fushi na yi. Ban taɓa sanin haushi yana gyara hannu ba sai ranar. Duk ƙwallon da na ajiye sai in ga gashin bakin Rogelio a jikinsa, in ɗaga in narka masa. Iskar teku tana kaɗawa daga hagu, ta watsar da na Linnea cikin ƙaya sau biyu, nawa kuwa tafiya yake kamar an aike shi. Sandar Baba ma ta tashi tsaye, duk abin da na tura sai ya faɗa. A rami na tara na ji Mama tana tambayar Goggo ko an kashe kyandir ɗin ne kafin a fito.

Na gama da bugu sittin da tara, mafi kyau a rayuwata. Aka ɗora huɗun, saba'in da uku. Linnea ma saba'in da uku. Mista Hatcher ya ce nan da minti ashirin za mu sake buga rami na sha takwas mu biyu, wadda ta fi ta wuce.

Na ajiye jakata a ƙofar rumfar da ake sa hannu a katin sakamakon wasa, na shiga, na zauna na kunna wayata da na kashe tun safe. Saƙonnin Rogelio suka zubo.

7:12. "Barka da safiya, sarauniyar fili. Ki duba jakarki."

7:13. "Ba sai kin ce komai ba, na san magana tana miki nauyi. In na ga kin buga da ita da idona, na san eh ce. Na faɗa wa kowa haka."

7:31. "Mamarki ce ta saƙa farar. Kwana uku ta yi a kai."

9:04. "Me ya sa kika kife ta?"

9:19. "Dattijon ya yi mini bayani. Na shiga uku."

9:22. "Na tambaye shi ko za a iya ɗora mini huɗun ni. Ya ce ba na cikin gasar."

11:46. "Ban san haka kike bugawa ba, Yadira. Shekara biyu ina jira ki gama, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ki yafe ni."

Na ƙarshen nan ya ɓata mini rai fiye da sauran, don ya taɓa ni, kuma ba ni da lokacin abin da zai taɓa ni. Na kashe wayar na fito. Jakata tana inda na bar ta, babu farar kaza, babu zinariya a kife. Na ƙirga, sha huɗu cif, kajina uku suna zaune. Na ɗauka Koci ce ta cire, na saɓa jaka na bi Linnea.

Dukanmu mun hau shimfiɗar ramin da bugu biyu. Nata ya fi nisa, ta tura ya tsaya a leɓen rami, ta ƙarasa shi da na huɗu. Nawa yana taku huɗu daga ramin, ɗan gangare zuwa dama. In ya shiga na wuce. Na kai hannu na zare kaza mai ruwan ƙasa, sai rana ta haske mini ido.

YADIRA, KI AURE NI.

Na waiwaya. Mama tana gaban jama'a, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Mama, ina sandar Baba?"

"Ba sha huɗu aka ce ba? Na rage miki ɗaya, mai tsatsar."

"Tana ina?"

"A motar Goggonki."

"Ina Goggo?"

"Ta tafi sayo kaji gasassu, mutane sun ji yunwa."

Har yau da nake rubuta muku ban sani ba ko taimako ta yi nufi ko tarko. Fuskarta irin wadda take yi ce in ana karɓar jibin Ubangiji a majami'a. Amma dai ba sandar ce ta sauya wa kanta kaza ba.

Mista Hatcher ya matso ya cire tsinken bakinsa. "Wannan sabon zagaye ne, 'yata, sandar ta halatta. Kuma ko an dawo da tsohuwar yanzu ba za ki ƙara ta ba, kin riga kin fara da sha huɗu."

"Koci," na ce ƙasa ƙasa, "in na buga da wannan na yi miji."

"In ba ki buga ba fa?"

"Na faɗi, kuma yau zan ba da amsa."

"To ba ruwana da aurenki, Cantú. Ƙwallon zai karkata dama da faɗin yatsa uku."

Na ciro wata sandar ƙarfe na gwada turawa da bakinta a gefe. Ana yi, na taɓa gani. Amma gwajin farko na tono ciyawa, na biyu na shafi iska. Linnea ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "A ƙasarmu mutum yakan nemi aure ne a kicin." Na tsaya riƙe da sanda a kowane hannu, hawayen da na hana tun safe suka fara taruwa. Shekara huɗu na tashin asuba, ga shi duk sun taru a taku huɗu, kuma ba ni da hanyar da zan bi in fita ni kaɗai.

Sai na ga Rogelio ya sa hularsa, ya gyara mata zama, ya juya mini baya.

"Rogelito, me kake yi?" in ji Mama, da sunan lelen da take kiransa da shi.

"Da idona na ce, Mama. Ba na gani." Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. "Kowa ya juya, don Allah. Duk wanda ya kalla, kada ya sake kawo mini faci."

Da yake duk danginmu a wurinsa suke gyaran taya, suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, kawunnai da 'ya'yan kawunnai da matansu, har da wani tsoho da ba namu ba ne, ya ga ana yi ya bi. Mama ce ta ƙarshe. Ta yi ƙwafa, ta tattare leshinta ta juya.

Na yar da ƙarfen. Na riƙe zinariyar, kuma abin takaici, ta zauna a hannuna daidai, tsawonta tsawona, ashe har wannan ya bincika. Na auna yatsa uku na tura. Ƙwallon ya tafi a hankali, ya karkata, ya yi kamar zai tsaya, ya faɗa.

Mutum uku suka yi tafi: Koci, da Linnea, da dattijon. Bugu mafi girma a rayuwata, dangina talatin suna kallon wurin ajiye motoci. Can wani kawuna ya ce, "Ya shiga? Mu juyo?" Ni kuwa ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku: ƙwallon yana faɗawa, ba ramin na kalla ba. Bayan farar rigar nan na kalla, kuma na ji haushin da bai saci kallo ba.

Bai zo ya taya ni murna ba, ya ɗaga hula daga nesa ya shiga motarsa. Goggo ta dawo da kaji takwas da sandar Baba, tana tambayar wa ya mutu. Koci ta tattara mu muka kama hanyar makaranta da la'asar, 'yan ƙungiya suna ta waƙa suna buga kujeru. Gasar gaba saura kwana goma sha biyu.

Mun wuce shingen binciken Falfurrias ke nan wayata ta fara kuka ba tsayawa. Zauren hirar dangi ne na waya. Ashe Mama ta ɗauki bidiyo: ta juya baya kamar kowa, amma wayarta tana leƙe ta ƙarƙashin hammata. Bidiyon a karkace yake, rabinsa leshi ne ruwan hoda, amma ga ni nan sarai, ga zinariya a hannuna. Ta rubuta a ƙasa: "Wa ya san lambar mai yin kek?"

Ina cikin karanta amsoshin Goggo sai na Rogelio ya shigo, shi kaɗai, ba a zaure ba.

"Mama ta turo mini wani bidiyo. Ban buɗe ba. In buɗe, ko in goge?"

Mun yi tafiyar awa ɗaya da rabi bayan nan, yana nan a kan layi, koren ɗigon sunansa bai mutu ba. Sau biyar ina rubuta "goge" ina sharewa.